TARIHI: Masanan Da Suka Auna Darajar Ruwan Fadamar Haɗejiya Da Nguru

A filinmu na tarihi na wannan karo za mu leƙa gida Arewa, mu duba labarin wasu masana da ba a cika jin sunansu a majalisunmu ba, alhali aikin da suka yi ya shafi abincin da muke ci da kasuwancin da da yawa daga cikinmu ke yi a nan Legas. Su ne mutanen da suka shafe shekaru suna bin kogunanmu, suna auna ruwa, suna ƙidaya kifi da tsuntsaye, suna tambayar manoma da masunta, har suka fito da hujjar da ta sauya yadda duniya ke kallon ambaliyar fadama.

Alaƙarmu da wannan fadama tsohuwa ce. Tun 1930 da layin dogo ya isa Nguru, jirgin da ya taso daga can ya biyo ta Kano sai ya ratsa ta tashar Agege kafin ya kai Iddo, ɗauke da shanu da fatu da kanwa da busasshen kifi. Yau tirela ta maye gurbin jirgi, amma kayan ba su canza sosai ba: banda, tattasai, shinkafa, shanun da ake saukewa a Oko-Oba, da tumatirin da ake saukewa a Mile 12. Kusan duk waɗannan ruwan kogi ne ya haife su.

YADDA FADAMAR TAKE

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ake kiran ruwan kogin Haɗejiya. Shi kuma kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauchi da Katagum. Da zarar waɗannan koguna sun wuce Haɗejiya sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsoffin tuddan rairayi a jere. Tuddan nan su ke raba ruwan gida-gida: wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyar kogin, wani ya bi ta Kafin Hausa. Sai a wajen Gashuwa abin da ya rage yake sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya yi iyaka tsakanin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, ya faɗa tafkin Chadi.

A watan Agusta da Satumba ruwa kan cika ya malale fadamar. Manomi ya riga ya shuka shinkafa tana jiran sa. Kifi ya fita daga kogi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su ci su yi girma. Idan ruwa ya fara janyewa, masunta su tare shi da mali da dumba da koma, manoma su bi laimar da ya bari su shuka wake da kayan lambu, sannan da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Fili ɗaya, amma Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani kowa yana da lokacin da zai ci rabonsa a cikinsa. Ga kuma goruba da kaba da itacen girki da kanwa.

WAƊANDA SUKA FARA

Daga cikin binciken kimiyya na farko-farko kan rayuwar cikin kogunan Arewa akwai wanda aka yi a kogin Sakkwato. Wani jami'in harkar kifi ɗan Ingila, M. J. Holden, ya yi aiki a can a shekarun 1950. A 1960 shi da J. Green suka wallafa nazari kan hawa da saukar ruwan kogin da ƙananan halittun da ke yawo a cikinsa, waɗanda 'ya'yan kifi ke ci. A 1963 kuma Holden ya fitar da bincikensa kan kifayen da ke maƙalewa a tafkuna da kududdufan da kogin ke bari da rani. A 1967 gwamnatin Jihar Arewa ta buga littafi kan kifaye da sana'ar su ta Arewacin Najeriya, wanda a cikin marubutansa biyar akwai ɗan gida, Ibrahim Yaro. Har gobe ɗaliban jami'o'inmu suna komawa gare shi idan za su tantance tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa da giwan ruwa.

Abin da waɗannan masana suka rubuta, Sarkawa da Kabawa sun daɗe da saninsa a aikace: shekarar da ruwa ya cika fadama, kifi zai yi albarka. Amfanin rubutun shi ne ya sanya wannan sani a takarda da alƙaluma, inda mai tsara aikin gwamnati ba zai ce bai gani ba. A 1979 Robin Welcomme, wanda ya yi aiki a kogin Weme na ƙasar Benin kafin ya koma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara bayanai daga manyan koguna na Afirka da sauran nahiyoyi, ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa yana bin faɗin ambaliyar da aka samu a shekarun da suka gabata.

ZUWAN MADATSUN RUWA

Sai dai masu mulki da injiniyoyin wancan zamani wani kallo dabam suke yi wa lamarin. A wurinsu ruwan da ya malale fadama ruwa ne da ya tafi a banza, rana ta shanye shi. Ga fari na farkon shekarun 1970 ya jigata mutane, ga kuɗin man fetur sun shigo. Gwamnatin Audu Bako ta Kano ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, domin bai wa birnin Kano ruwan sha da shayar da gonakin Kadawa da Kura. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗejiya da Jama'are. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara. A 1992 aka gama ta Challawa. Tiga da Challawa kaɗai suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya.

Babu mai musun alherin da aka samu. Tumatirin da wasunmu ke sayarwa a nan, da shinkafar Kura, da famfon Kano, duk Tiga ce. Abin da aka manta a lissafi shi ne mutanen da ke ƙasan ruwa.

Wanda ya fara bin wannan sawu da gaske shi ne W. M. Adams, wanda aka fi sani da Bill Adams, na Jami'ar Kambirij. Bakolori ta yi suna ne saboda abin da ya faru a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka far wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Shi Adams sai ya gangara ƙauyukan da ke ƙasan madatsar, waɗanda ba a ƙwace musu gona ba, ba a kuma ba su ko kwabo ba. Sakamakon da ya wallafa a 1985 ya nuna cewa ambaliya ta ragu a tsawo da faɗi, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa waɗanda ba su kai ta kuɗi ba, noman rani ya ja baya saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, kifi ya yi ƙaranci har masunta suka fara ƙaura. Babu ɗaya daga cikin wannan asara da aka rubuta a takardun da aka kafa hujjar gina madatsar da su. A 1992 ya faɗaɗa wannan nazari zuwa littafi kan koguna da mutane da tsare-tsaren gwamnatoci a Afirka baki ɗaya.

AIKIN NGURU

A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru, da ofishinsa a garin Nguru. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda Cif S. L. Edu ya kafa a nan Legas, tana cikin waɗanda suka assasa shi, tare da ƙungiyar IUCN da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na ƙetare. Tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin Turawa, domin dubban agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa suna tsallako hamada daga Turai su yi hunturu a wannan fadama. Amma ba a jima ba ma'aikatan suka gane cewa ba za a iya kare tsuntsu a bar manomi da masunci ba, tunda ruwa ɗaya suke jira. Daga nan shirin ya karkata ga tambayar da ta fi kowace nauyi: ina ruwan yake tafiya, kuma wa yake amfana?

Wanda ya ɗauki nauyin auna ruwan shi ne G. E. Hollis, wato Ted Hollis, malami a kwalejin UCL ta Jami'ar Landan, wanda ya riga ya yi irin wannan aiki a tafkin Ishkel na Tunisiya. Wahalar aikinsa ita ce fari da madatsa sun zo kusan lokaci guda, don haka duk wanda aka ce masa madatsa ta rage ruwa sai ya ce ai damina ce ba ta yi kyau ba. Hollis da ɗalibinsa Julian Thompson suka tattara tsoffin ma'aunan ruwan sama da na kogi, suka haɗa da taswirar ambaliya da ma'aikatan shirin ke zanawa daga ƙaramin jirgin sama kowace shekara, suka gina lissafi a kwamfuta. Da wannan lissafi za a iya ɗaukar damina ɗaya a gwada ta sau biyu, da madatsa da kuma babu madatsa, a ga bambancin. Za a iya kuma gwada abin da zai faru idan an gina madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are, ko an faɗaɗa gonakin Kadawa da na Auyo.

Alƙaluman sun nuna cewa a 1969 da 1974 ruwa ya rufe sama da murabba'in kilomita 2,000, amma a farin 1984 bai kai 300 ba. Lissafin ya tabbatar da cewa fari yana da nasa laifin, madatsa ma tana da nata, kuma idan aka kammala dukkan ayyukan da ke kan takarda, ambaliyar za ta ragu ƙwarai ko da an yi damina mai kyau.

Sai masanin tattalin arziki Edward Barbier ya shigo, tare da Adams da Kevin Kimmage, suka yi abin da ba a saba yi ba: suka sa wa amfanin fadama farashi. Suka lissafa shinkafa da sauran amfanin gona da kifi da itacen girki, suka cire kuɗin da aka kashe, suka raba da yawan ruwan da aka yi amfani da shi. Kowace lita miliyan ɗaya da ta malale fadama ribarta ta kama daga dala 9 zuwa 14 da ɗoriya. Irin wannan ruwa a babban aikin ban-ruwa na kogin Kano ribarsa ba ta kai senti 5 ba. Kuma ba su ma sa kiwon shanu da ruwan rijiyoyi a lissafin fadamar ba. A 1998 Barbier da Thompson suka sake gwadawa ta wata fuska, suka gano cewa ribar da sababbin gonakin ban-ruwa za su kawo ba za ta maye fiye da kashi 17 cikin 100 na asarar da za a yi a fadama ba.

Wanda ya riƙe ragamar shirin a Nguru a wancan lokaci ɗan gida ne, Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda ya yi aiki a Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. A 1993 shi da Hollis da Adams suka tace littafin da ya tattara sakamakon binciken, IUCN ta buga, kuma har yanzu duk mai rubutu kan wannan fadama da shi yake farawa. A shekarar ne kuma aka yi taro a cibiyar nazarin manufofi ta Kuru kusa da Jos, inda aka zaunar da jami'an gwamnati da masana kan rabon ruwan wannan yanki. Shawarar masanan ba ta ce a rushe madatsa ba. Cewa suka yi a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, daidai lokacin da kogi ya saba cika, domin fadama ta samu rabonta, a kuma dakata da sabbin manyan ayyuka har sai an yi lissafin kowa.

TASIRIN AIKIN

Hollis ya rasu a 1996 yana halartar taron masana fadamu a birnin Perth na Ostireliya, amma aikin ya ci gaba da yawo. A 1997 sakatariyar yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya ta fitar da jagora kan yadda ake ƙiyasta darajar fadama da kuɗi, kuma Haɗejiya da Nguru na cikin misalan da aka koyar da su. Hukumar duniya da ta binciki manyan madatsun ruwa, wadda ta miƙa rahotonta a 2000, ta ɗora wa Adams nazarin yadda madatsu ke raba riba da asara tsakanin jama'a. A wannan shekarar ce aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin fadamun Ramsar, wuri na farko da Najeriya ta samu, daga baya Baturiya da Dagona suka biyo a 2008. A Kamaru ma, tun 1994 aka fara mayar da ruwa fadamar Waza da Logone da madatsar Maga ta busar, bisa irin wannan tunani.

Dakta Aminu-Kano kuwa, daga Nguru Legas ya nufo, ya shugabanci NCF da ke Lekki. Ya yi aiki da ƙungiyar BirdLife a Ingila, sannan da Islamic Relief, kafin ya dawo ya sake karɓar shugabancin gidauniyar a 2018. Wataƙila wasunmu sun kai yara yawon buɗe ido dajin Lekki ba tare da sanin cewa ɗan Arewa da ya san Marma da Dagona ciki da bai ya riƙe wurin ba.

A gida kuwa, nasarar rabi da rabi ce. Madatsar Kafin Zaki har yau ba a kammala ta ba, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar, mutanen Bauchi na kawo buƙatarsu ta noman rani, mutanen Yobe da Borno na kawo hujjar da ta samo asali daga wancan bincike. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, suka hallara a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka amince da tsarin kula da ruwan yankin da asusun haɗin gwiwa. Amma sakin ruwan damina yadda masanan suka tsara bai zama ƙa'idar da ake bi kowace shekara ba.

Wata matsalar ma ta ƙaru. Saboda ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani domin birni da gonaki, kogin da ya saba bushewa ya daina bushewa. Ciyawar kacalla, wadda ke son ruwa mai kwanciya, ta samu wurin zama. Ta haɗu da laka ta toshe Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata Marma ya cinye gonaki da gidaje, can ƙasa kuma wajen Gashuwa ana kukan bai iso ba. Jan baki ya samu maɓoya a cikin kacallar yana fita yana cin shinkafa da gero. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da Holden da Welcomme suka nuna tun farko, cewa kogin fadama yana buƙatar cikarsa yana kuma buƙatar janyewarsa, kowanne a lokacinsa. Wasu masanan da suka zo daga baya sun yi gyara ga wasu alƙaluman Hollis, musamman kan yawan ruwan da ke nutsewa ƙarƙashin ƙasa, kuma haka ilimi yake tafiya.

ABIN DA YA SHAFE MU A NAN

Kafin Hollis ya taka ƙasar Nguru, sunan da ya fara yi a kan ambaliyar birni ne. A 1975 ya nuna cewa idan aka rufe ƙasa da kwalta da siminti da rufin gidaje, ƙananan ambaliyoyin da ake yi kusan kowace shekara za su iya ninkawa har sau 10, domin ruwan bai samu inda zai nutse ba. Duk wanda ya ga yadda kwatocin Agege ke tumbatsa bayan ruwan sa'a ɗaya ya san wannan magana. Haka kuma 'yan uwanmu na Kara da Isheri da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu suna zaune ne a ƙasan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta. Idan aka buɗe ta, kogin Ogun kan shigo musu har ɗaka, kamar yadda aka gani a 2010. Wato mu ma a nan mutanen ƙasan ruwa ne, wani ne a sama yake yanke shawarar ranar da za a saki ruwa.

A cikinmu akwai ɗan Kura da ɗan Bunkure da gonarsa ke shan ruwan Tiga, akwai ɗan Guri da ɗan Kirikasamma da kacalla ta cinye wa gona, akwai ɗan Gashuwa da ɗan Gaidam da ke jiran abin da ya rage. A gida nisa ya raba su, amma a nan layi ɗaya suke zaune, kasuwa ɗaya suke ci. Ƙungiyoyinmu na garuruwa za su iya amfani da wannan dama: duk lokacin da aka kawo maganar sabuwar madatsa ko yashe kogi a yankinmu, mu tambayi wakilanmu ko an yi lissafin mutanen ƙasan ruwa, kuma wa ya yi shi.

Muna kuma kira ga 'ya'yanmu da ke shirin shiga jami'a. Fannin nazarin ruwa da kifi da muhalli ana koyar da shi a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Dutse da Gashuwa, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Yawancin sunayen da muka ambata a sama baƙi ne, kuma ma'aunan da suka bari sun haura shekara 30, suna buƙatar masu sabunta su. Dattawanmu da suka yi su ko noman fadama kafin su zo Legas, su ma suna riƙe da sanin da ba ya cikin kowane littafi: sunayen tafkunan da suka ƙafe, da kifayen da aka daina gani, da watan da ruwa ke isowa garinsu kafin 1974. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya faɗa, ya aiko mana, za mu buga a wannan fili da sunan garin. Allah Ya ba mu damina mai albarka.